Sake rera waƙar wani

Sake rera waƙa shi ne mawaƙi ya ɗauki waƙar da wani ya riga ya fitar, ya rera ta da muryarsa, sau da yawa ya sauya mata kiɗa ko kari. Wannan daban yake da satar fasaha, domin ba a ɓoye sunan mai waƙar, kuma haƙƙinsa yana nan. A Amurka, tun dokar haƙƙin mallaka ta 1909, da zarar an fitar da waƙa kasuwa, kowa na iya naɗar tasa, muddin ya biya marubucinta kason da doka ta ƙayyade.

Wani lokaci na biyu kan danne na farko. Otis Redding ne ya fitar da "Respect" a 1965, amma wadda Aretha Franklin ta rera a 1967 ita duniya ta riƙe. Ba kullum abin ke da daɗin ji ba: a shekarun 1950 mawaƙa farar fata irin su Pat Boone sun riƙa sake rera waƙoƙin baƙaƙen fata kamar Little Richard da Fats Domino, gidajen rediyo da dama kuma suka fi sa na farar fatar.

Inda al'adar ta fi samun gindin zama shi ne tarukan kiɗa na neman taimako. Dalilin a fili yake. Mawaƙan da ba su saba aiki tare ba sukan haɗu a dandali ɗaya, lokacin gwaji kaɗan ne, kowa mintoci ƙalilan ake ba shi. Waƙar da kowa ya sani ita ke fitar da su kunya, ita kuma ke sa dubban 'yan kallo su amsa, wanda ke gida ya ɗaga waya ya ba da gudummawa. Sabuwar waƙa, komai kyanta, da wuya ta yi wannan aiki a dare ɗaya.

An ga haka tun taron da George Harrison da Ravi Shankar suka shirya a New York ranar 1 ga Agusta, 1971, domin 'yan gudun hijirar Bangladesh, inda Leon Russell ya rera waƙar ƙungiyar Rolling Stones. A Live Aid, ranar 13 ga Yuli, 1985, wanda aka yi a Landan da Philadelphia saboda yunwar Habasha, an nuna bidiyon David Bowie da Mick Jagger suna rera "Dancing in the Street", waƙar da Martha and the Vandellas suka fitar a 1964.

Taron tunawa da Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, a filin Wembley, ranar 20 ga Afrilu, 1992, ya zarce nan. A babban ɓangaren taron, sauran 'yan ƙungiyar Queen ne ke kiɗa, baƙin mawaƙa na karɓar waƙoƙin mamacin ɗaya bayan ɗaya, kuɗin kuma aka zuba a yaƙi da cutar ƙanjamau. Har yau "Somebody to Love" da George Michael ya rera ita aka fi ambato. A Manchester ma, ranar 4 ga Yuni, 2017, bayan harin bam da ya kashe mutum 22, Ariana Grande ta rufe taron neman taimako ga waɗanda harin ya shafa da "Over the Rainbow", waƙar 1939.

Taimako dai ba ya soke haƙƙin mallaka. Idan za a sayar da faifan taron, sai an nemi izinin kamfanonin da mawaƙan ke ƙarƙashinsu, marubucin waƙa kuma yana da kasonsa, sai fa in shi ya yafe.