Koyon tuƙi da jarrabawar lasisi a Najeriya: amsar tambayoyin 'yan koyo

Daga ina ake farawa?

Sai ka cika shekara 18. Daga nan ka yi rajista a makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita, domin ba kowace mota mai allo a kai ce makaranta ba. Za ka halarci darasi aƙalla sau 26 kafin a ba ka takardar shaida, kuma da lambarta ake cike fom ɗin neman lasisi. Muddin kana koyo, dole ka riƙe takardar izinin ɗan koyo, a liƙa jan harafin L gaba da bayan motar, direba mai lasisi kuma yana zaune a gefenka.

Wa ke yin jarrabawar?

Jami'an VIO, masu duba lafiyar motoci, su ne ke gwada ka. In ka ci, sai biyan kuɗi, sannan ɗaukar hoto da zanen yatsu a cibiyar lasisi. Za a ba ka na wucin gadi mai aiki kwana 60 kafin katin ya fito, na shekara 3 ko 5. Lasisin motar gida rukunin B ne, na babur kuwa A. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi da fasfo ka zauna a gida lasisi ya same ka, ka guje shi. Sau da yawa jabu ne, ko na gaskiya ne ma bai koya wa ƙafarka taka birki ba.

Me ya sa mota ke mutuwa da zarar na tashe ta?

Nan ne yawancin 'yan koyo ke karaya, alhali dalilin a fili yake. Kuloc shi ne ke haɗa inji da tayoyi. Inji yana juyawa a hankali, motar kuma tana tsaye da nauyinta. In ka saki kuloc gaba ɗaya, nauyin ya faɗa wa injin lokaci guda, sai ya shaƙe. Ka taka kuloc har ƙasa, ka sa giya ta ɗaya, ka ɗan ba da totur, sannan ka riƙa ɗago ƙafar hagu sannu a hankali. Akwai inda ƙarar inji za ta sauya, motar ta ɗan yi rawa. Tsaya nan da ƙafarka kamar daƙiƙa biyu, sai ta fara gangarawa sannan ka ƙarasa saki. Amma fa da ta kama tafiya ka ɗauke ƙafa daga kan kuloc ɗungurungum. Jingina ƙafa a kai yana cinye faifan, kuma warin ƙauri ne zai fara gaya maka.

A hawa fa, da motar ke komawa baya?

Ja hambirki tukuna. Nemo wurin nan da kuloc ke kamawa, ƙara totur kaɗan, in ka ji motar tana neman zabura sai ka sauke hambirki. Wanda ya sauke shi kafin kuloc ya kama, shi ne ke sulalewa kan na bayansa. A maimaita wannan a hawan da babu jama'a har ƙafa ta saba.

In koya da otomatik ba zai fi sauƙi ba?

Ya fi, sai dai mai iya giyar hannu yana tuƙa duka biyun. A otomatik ƙafar dama kaɗai ke aiki, birki da totur. Ta hagu hutawa take.

Me ke kayar da mutane a jarrabawa?

Rashin dubawa ya fi rashin iya sitiyari kayar da mutane. Kafin ka tayar da inji, daidaita kujera da madubai uku, ɗaura bel. Kafin kowace kwana ko sauya layi, madubi ne farko, sigina ta biyo, sannan motsi, tare da waiwaye ta kafaɗa, domin akwai gefen da madubi ba ya nunawa, kuma nan ɗan acaɓa da mai a-daidaita-sahu ke shigewa. A ribas, kuloc da birki sun isa, ba sai an sa totur ba. A shataletale, wanda ke ciki yana tahowa ta hagunka shi ke da hanya.

Alamomin titi kuma a karanta su a littafin dokokin hanya: mai kusurwa uku gargaɗi ce, da'ira mai jan baki hani, shuɗiyar da'ira umarni.

Wane gudu doka ta yarda da shi?

Ga motar gida, kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Abuja zuwa Kano. A gudun 50, mota na cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa, kuma in ka ninka gudu, nisan da birki ke buƙata ninkuwa yake sau huɗu. Saboda haka ka bar tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da na gaba, ka mayar da ita huɗu idan ana ruwa ko hazon hunturu ya rufe hanya.