Mene ne "haƙƙin mai ƙirƙirar iri", kuma me ya sa kamfanonin iri ke kamun ƙafa a kansa?

Haƙƙin mai ƙirƙirar iri dama ce da doka ke bai wa mutum ko kamfanin da ya samar da sabon nau'in shuka, ta yadda ba wanda zai ninka irin don sayarwa, ko ya shigo da shi ƙasa ko ya fitar da shi, sai da izininsa. Izinin kuwa da kuɗi ake samunsa. Ba kowane iri ake yi wa rajista ba. Sai ya zama sabo, ya bambanta da waɗanda aka sani, tsirransa su fito bai ɗaya, kuma kada siffarsa ta sauya in an maimaita shuka shi. Kariyar takan kai aƙalla shekara 20, itatuwa da inabi kuma 25.

Tushen tsarin wata yarjejeniya ce da aka ƙulla a birnin Paris a 1961, wadda ta haifi UPOV, ƙungiyar ƙasashe mai kare sabbin nau'o'in shuka, mai hedikwata a Geneva. An yi wa yarjejeniyar kwaskwarima a 1972 da 1978 da 1991, kuma ta ƙarshen ce ake ta kai ruwa rana a kanta. A ƙarƙashinta, ajiye iri daga amfanin gona don shuka baɗi ya zama rangwamen da ƙasa ke iya bayarwa ko ta hana, kuma ko ta bayar, a gonar manomin kansa kaɗai. Sayar wa maƙwabci mudu biyu na irin da ke da rajista ba ya ciki.

Hujjar ƴan kasuwar iri kusan ɗaya ce ko'ina: in ƙasa ba ta da dokar da ta dace da tsarin 1991, kamfanonin waje ba za su kawo sabbin nau'o'insu ba, manomanta su tsaya da tsohon iri yayin da na wasu ƙasashe ke gaba. Da wannan hujja aka matsa wa gwamnatin Kanada har ta gyara dokarta a 2015, duk da adawar ƙungiyar manoma ta NFU. Wannan hujjar aka ji a Najeriya kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kare nau'o'in shuka a 2021, shekarar da Ghana ta shiga UPOV. Nijar da Kamaru da Chadi sun riga su, ta hanyar OAPI, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, da ta shiga UPOV a 2014.

Akwai gaskiya a hujjar, sai dai ba ta hau kowane amfanin gona daidai ba, kuma nan ne masu kamun ƙafa ba su cika tsayawa ba. Iri mai aure, wato wanda aka samu ta haɗa nau'i biyu daban, kamar na masara ko tumatirin gwangwani da ake shukawa a Kadawa, yana kare kansa: wanda ya ajiye ƴaƴansa ya sake shukawa zai ga amfanin ya ragu, dole ya koma shago. Shi ya sa irin kayan lambu daga Turai da Asiya ya cika kasuwanninmu tun kafin a yi dokar. Inda kamfani ke jin tsoro shi ne dankalin turawa, alkama, waken suya, furanni, abubuwan da buhu ɗaya ke iya zama dubu ba tare da mai shi ya ga ko sisi ba. Nau'o'in dankalin Nicola da Marabel da manoman Filato suka sani a Turai aka samar da su, don haka mai noman dankali yana da dalilin sauraron wannan magana fiye da mai noman gero.

Geron gado da dawar da ake ajiyewa a rumbu dokar ba ta hana kowa musayarsu ba. Amma ba ta kare su ba, domin ba su cika sharaɗin fitowa bai ɗaya ba. Mai bincike na iya ɗaukarsu ya fitar da sabon nau'i ya yi rajista, al'ummar da ta raine su shekara da shekaru ba ta da kaso a tsarin UPOV. A ganina wannan giɓin ya fi batun kuɗin izini nauyi.

Ba kuma dole ne a bi UPOV ba. Ƙa'idar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta bar wa kowace ƙasa damar tsara nata salon kariya. Indiya ta yi dokarta a 2001, wadda ta bar manomi ya ajiye, ya musanya, har ya sayar da iri mai rajista muddin bai sa shi a jaka da sunan kamfani ba. A 2019 kamfanin PepsiCo ya maka wasu manoman jihar Gujarat a kotu kan wani nau'in dankalinsa, da surutu ya yi yawa ya janye ƙarar.