Rikicin Shugabancin Jam'iyyar Conservative ta Birtaniya a 2022 da Ra'ayin Jama'a

Rikicin shugabancin jam'iyyar Conservative shi ne dambarwar siyasar da ta sa Birtaniya ta yi firaministoci uku cikin wata biyu a shekarar 2022, wato Boris Johnson da Liz Truss da Rishi Sunak, ba tare da an yi babban zaɓe ko sau ɗaya ba. Masu nazarin siyasa suna yawan komawa gare shi saboda ya fito da giɓin da ke tsakanin abin da 'yan jam'iyya ke so da abin da sauran jama'ar ƙasa ke iya ɗauka. Ƙuri'un jin ra'ayin jama'a da aka yi a lokacin sun nuna faɗuwar farin jini da ba a saba ganin irinta ba a siyasar ƙasar.

Yadda ake samun sabon firaminista ba tare da zaɓe ba

A Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Jama'a suna zaɓen wakilai 650 zuwa Majalisar Wakilai, sannan Sarki ko Sarauniya ta naɗa wanda zai iya samun goyon bayan rinjayen majalisar, wanda a al'ada shi ne shugaban jam'iyyar da ta fi kujeru. Don haka idan jam'iyya mai mulki ta canza shugabanta, ƙasa ta canza firaminista ke nan, kuma doka ba ta tilasta a koma ga masu zaɓe. Haka John Major ya gaji Margaret Thatcher a 1990, Gordon Brown ya gaji Tony Blair a 2007, Theresa May ta hau a 2016, shi kansa Johnson kuma a 2019.

A jam'iyyar Conservative, wani kwamiti na 'yan majalisar da ba su riƙe da muƙamin gwamnati, mai suna Kwamitin 1922, shi ke kula da tsarin. A ƙa'idar da ake bi a 2022, idan kashi 15 cikin ɗari na 'yan majalisar jam'iyyar suka rubuta wa shugaban kwamitin wasiƙa, sai a kaɗa ƙuri'ar yankan ƙauna a kan shugaban jam'iyya. Idan kujera ta zama babu kowa, 'yan majalisa ne ke tace 'yan takara har su rage biyu, sai a miƙa sunayen ga 'yan jam'iyya masu biyan kuɗin rajista su yanke hukunci. Wannan mataki na ƙarshe an shigo da shi ne a 1998 zamanin William Hague, kuma shi ne ya zama tushen yawancin muhawarar 2022.

Faɗuwar Boris Johnson

Johnson ya ci zaɓen Disamba 2019 da kujeru 365, rinjaye mafi girma da jam'iyyar ta samu tun 1987. Abin da ya cinye masa mutunci shi ne labarin shagulgulan da aka riƙa yi a fadar firaminista da ke Downing Street a lokacin kullen korona, alhali an hana talakawa ko zuwa jinyar 'yan'uwansu a asibiti. A watan Afrilu 2022 'yan sanda suka ci shi tara. Ranar 6 ga Yuni ya tsallake ƙuri'ar yankan ƙauna da 211 a kan 148, amma adadin waɗanda suka juya masa baya ya nuna kwanakinsa sun ƙare. Bayan makonni kaɗan jam'iyyar ta rasa kujeru biyu a zaɓen cike gurbi, Wakefield da kuma Tiverton da Honiton. Da batun Chris Pincher ya taso, wato ɗan majalisar da Johnson ya ba muƙami duk da an sanar da shi zargin cin zarafi ta hanyar lalata da ake yi masa, sai ministan lafiya Sajid Javid da ministan kuɗi Rishi Sunak suka ajiye aiki ranar 5 ga Yuli, masu muƙamai fiye da 50 suka bi bayansu. Ranar 7 ga Yuli Johnson ya sanar da cewa zai sauka.

Zaɓen Liz Truss

A zagayen ƙarshe na ƙuri'ar 'yan majalisa, Sunak ya samu 137, Truss 113, Penny Mordaunt 105. Wato Truss ba ta samu ko kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisar da za ta jagoranta ba. Amma da aka je wurin 'yan jam'iyya, sai ta samu ƙuri'u 81,326, Sunak kuma 60,399. An sanar da sakamakon ranar 5 ga Satumba, washegari Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta naɗa ta a fadar Balmoral.

Waɗanda ke da damar kaɗa wannan ƙuri'a sun kai kimanin 172,000 ne, a ƙasar da masu rajistar zaɓe suka haura miliyan 45. Binciken masana ya daɗe yana nuna cewa akasarinsu maza ne, masu shekaru, masu abin hannu, mazauna kudancin Ingila. Alƙawarin Truss na rage haraji nan take ya yi musu daɗi, gargaɗin Sunak kuwa, cewa cin bashi domin rage haraji zai ƙara hauhawar farashi da kuɗin ruwa, bai shiga kunnensu ba. Wasu daga cikinsu ma suna riƙe da shi a rai a kan cewa shi ya jawo faɗuwar Johnson. Babu wanda ya karya doka a wannan zaɓe. Sai dai Truss ta shiga ofis da shirin tattalin arziki wanda ba ya cikin alƙawuran da jam'iyyar ta yi wa jama'a a 2019, kuma babu wani mai zaɓe da aka taɓa tambayar ra'ayinsa a kai.

Ƙaramin kasafin kuɗi da rugujewar farin jini

Bisa al'ada sabon firaminista yakan samu ɗan sassauci daga jama'a a makonnin farko. Brown ya samu a 2007, May ma ta samu a 2016. Na Truss bai taka kara ya karya ba. Kwana biyu da naɗa ta Sarauniya ta rasu, harkokin siyasa suka tsaya har bayan jana'iza ranar 19 ga Satumba, ko shirinta na tallafin kuɗin wuta da gas, wanda ya ƙayyade abin da matsakaicin gida zai biya a fam 2,500 a shekara, bai samu kulawar da ake tsammani ba.

Ranar 23 ga Satumba ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya gabatar da abin da aka kira ƙaramin kasafin kuɗi. Ya ƙunshi rage haraji na kimanin fam biliyan 45 ba tare da bayanin inda kuɗin za su fito ba, da soke harajin kashi 45 cikin ɗari da masu samun sama da fam 150,000 a shekara ke biya, da ɗage iyakar garaɓasar da ake ba manyan ma'aikatan banki. Ba a kuma bari hukumar da ke tantance kasafin gwamnati mai zaman kanta ta fitar da hasashenta ba. Kasuwanni suka firgita. Ranar 26 ga wata fam ya faɗi zuwa kusan dala 1.03, mafi ƙanƙanta a tarihi. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya fito fili ya soki shirin, abin da ba kasafai yake yi wa manyan ƙasashe ba. Ranar 28 Babban Bankin Ingila ya shiga sayen takardun lamunin gwamnati domin kada asusun fansho su durƙushe.

Inda abin ya taɓa talaka kai tsaye shi ne bashin sayen gida. Bankuna sun janye ɗaruruwan nau'o'in rancen da suke bayarwa, kuɗin ruwa a kan sabbin rance ya haura kashi 6 cikin ɗari, a daidai lokacin da hauhawar farashi ke kan hanyar kaiwa kashi 11.1 a watan Oktoba. Mutumin da ke fama da tsadar abinci da wuta ya wayi gari ya ga an sauƙaƙa wa masu kuɗi haraji, shi kuma kuɗin gidansa zai ƙaru. Wannan ne ya sa fushin ya yaɗu har cikin waɗanda suka zaɓi jam'iyyar a 2019, kuma fushi ne mai dalili.

Ranar 29 ga Satumba kamfanin YouGov ya fitar da ƙuri'ar da ta ba jam'iyyar Labour kashi 54, Conservative kuma kashi 21, tazarar maki 33. A tsakiyar Oktoba wata ƙuri'ar kamfanin ta nuna kashi 10 kacal ke yi wa Truss kallon alheri, kashi 80 kuma akasin haka. Hatta a cikin 'yan jam'iyyar da suka zaɓe ta, fiye da rabi sun ce ta sauka. Gwamnati ta janye batun harajin kashi 45 ranar 3 ga Oktoba. Ranar 14 Truss ta sallami Kwarteng ta naɗa Jeremy Hunt, shi kuma bayan kwana uku ya soke kusan duk abin da ya rage na shirin. Ranar 19 ministar cikin gida Suella Braverman ta ajiye aiki, a daren kuma aka yi hargitsi a majalisa wajen wata ƙuri'a. Washegari Truss ta sanar da murabus. Ta yi kwana 49 a kan mulki, mafi gajarta a tarihin ƙasar. Kafin ita George Canning ne, wanda ya rasu yana ofis a 1827 bayan kwana 119.

Hawan Rishi Sunak

A wannan karo Kwamitin 1922 ya ɗaga sharaɗi: dole ɗan takara ya samu sa hannun 'yan majalisa 100. Johnson ya dawo daga hutu da niyyar tsayawa, amma ya janye ranar 23 ga Oktoba, Mordaunt ma ta janye washegari. Sunak ya zama shugaba ba hamayya, Sarki Charles na Uku ya naɗa shi ranar 25 ga Oktoba. Yana da shekara 42, mafi ƙarancin shekaru cikin fiye da ƙarni biyu, kuma shi ne ɗan asalin Asiya na farko, mabiyin addinin Hindu na farko da ya riƙe muƙamin. Ko 'yan jam'iyya ba a tambaya ba, balle jama'a.

Jam'iyyun adawa, da Keir Starmer na Labour a gaba, sun nemi a yi babban zaɓe, ƙuri'un jin ra'ayi kuma sun nuna akasarin jama'a suna tare da su a kan haka. Gwamnati ta ƙi, ta ce wa'adin da aka ba jam'iyyar a 2019 bai ƙare ba. A shari'ance tana da gaskiya. Amma hujjar ta yi rauni a idon mutane da yawa ganin cewa an canza shugaba sau biyu, an canza alƙiblar tattalin arziki sau biyu, duk da sunan ƙuri'ar da aka kaɗa wa wani mutum daban.

Da farko jama'a sun fi yarda da Sunak fiye da jam'iyyarsa, kasuwanni suka lafa, tazarar Labour ta ragu kaɗan. Sai dai ba ta rufe ba. Ta tsaya a wajen maki 20 har zuwa zaɓe. Maimakon farin jinin Sunak ya ɗaga jam'iyyar, baƙin jinin jam'iyyar ne ya riƙa jan nasa ƙasa. Masu sharhi sun kwatanta abin da ya faru da ranar 16 ga Satumba 1992, lokacin da aka tilasta wa fam ficewa daga tsarin musayar kuɗi na Turai: a lokutan biyu jam'iyyar ta rasa sunan da take taƙama da shi na iya riƙon tattalin arziki, kuma canza fuska bai maido da shi ba.

A babban zaɓen 4 ga Yuli 2024, Conservative ta samu kujeru 121 da ƙasa da kashi 24 cikin ɗari na ƙuri'u, sakamako mafi muni a tarihinta, Labour kuma ta haura kujeru 400. Liz Truss ta rasa kujerarta ta Kudu maso Yammacin Norfolk da tazarar ƙuri'u 630.