Tiyata da taimakon mutum-mutumi

Tiyata da taimakon mutum-mutumi hanya ce ta yi wa majinyaci aiki ba tare da likita ya riƙe wuƙa ko almakashi da hannunsa ba. Zama yake yi gaban wata na'ura yana sarrafa hannayen ƙarfe da ke ɗauke da kayan aikin. Sunan yakan ruɗi mutane, har wasu majinyata su zaci inji ne zai yanka su shi kaɗai. Amma a kusan duk injinan da ke asibitoci yau, hannun ƙarfen ba ya motsi sai likita ya motsa nasa, in ya tsaya shi ma ya tsaya.

Asali

Daga masana'anta aka aro injinan farko. A 1985, a wani asibiti da ke Long Beach a jihar Kalifoniya ta Amurka, Yik San Kwoh da abokan aikinsa suka ɗauko hannun ƙarfe samfurin PUMA, suka sa shi ya saita allura daidai inda hoton kai ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, domin a ɗebo ɗan abin a auna. Wannan ake yawan kira na farko, ko da yake 'yan Kanada suna kawo nasu injin, Arthrobot, wanda aka ƙera a Vancouver tun wajajen 1983 don riƙe ƙafar majinyaci a lokacin aikin ƙashi.

A Landan, injiniya Brian Davies na Imperial College da likitan mafitsara John Wickham suka haɗa kai suka ƙera PROBOT, aka fara gwada shi a jikin mutum a wajajen 1991. Labarin ROBODOC ya fi ban sha'awa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, Howard Paul, likitan dabbobi ne, abokinsa William Bargar kuma likitan ƙashi. Sai da suka gwada injin a kan karnuka masu ciwon ƙugu kafin a 1992 ya fafe ƙashin cinyar ɗan Adam don a zaunar da gaɓar ƙarfe.

Injinan da suka mamaye duniya yau kuwa tushensu yana wajen soja. A cibiyar bincike ta SRI, Philip Green ya yi aiki da likitan soja Richard Satava, da kuɗin hukumar DARPA ta ma'aikatar tsaron Amurka, kan wani buri: sojan da aka harba a fagen fama, jini na zuba, a ɗora shi cikin mota, likita daga can nesa ya ɗinke shi kafin rai ya yi halinsa. Burin bai cika yadda aka so ba, amma fasahar ba ta tafi a banza ba. Kamfanin Intuitive Surgical, wanda Frederic Moll da abokansa suka kafa a 1995, ya karɓi lasisinta. A gefe guda kuma akwai Computer Motion na Yulun Wang, mai injin AESOP da ke riƙe wa likita kyamara, sannan daga baya ZEUS.

A 1997 Jacques Himpens da Guy-Bernard Cadière suka cire matsarmama a Beljiyam da wani samfurin gwaji na Intuitive. Shekara ta zagayo Alain Carpentier ya gyara bawul ɗin zuciya a Paris. A watan Yuli na 2000 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta amince da injin Intuitive mai suna da Vinci.

Ranar 7 ga Satumba, 2001, Jacques Marescaux yana zaune a New York ya cire matsarmamar wata mata mai shekara 68 da ke kwance a Strasbourg ta Faransa, da injin ZEUS, ta layin sadarwa da ya ratsa tekun Atlantika. Jinkirin da ke tsakanin motsin hannunsa da ganin sakamakon a allo bai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Kwana huɗu bayan haka aka kai harin 11 ga Satumba, hankalin duniya ya koma can. Kamfanonin biyu, Intuitive da Computer Motion, sun sha shari'a da juna kan haƙƙin mallaka, har suka haɗe a 2003, aka jingine ZEUS.

Daga nan akalar ta juya. An ƙera injin ne don nisa, amma abin da ya sa asibitoci suka saye shi ƙunci ne: yana shiga lungunan jiki inda hannun mutum ba ya iya juyawa. Likita yana ɗakin tiyatar, taku kaɗan daga gadon.

Yadda ake aikin

Bayan an sa majinyaci barci, ana huda cikinsa wuri huɗu ko biyar, kowace huda ba ta fi kan yatsa ba, a hura iska cikin ya ɗaga, sannan a zura kyamara da kayan aiki, a ɗaura su a hannayen injin. Likita yakan cire takalmi ya zauna, ya cusa goshinsa cikin madubin na'urar, ya sa yatsunsa cikin wasu 'yan madaukai, ƙafafunsa na kan matakan da ke juya kyamara da kunna wutar tsai da jini. Abin da yake gani ya ninka girmansa wajen sau goma, da zurfinsa kamar yadda ido biyu ke gani. Da ya ɗaga kai daga madubin, kayan aikin su sandare.

A tiyatar huda ta hannu, inda likita ke riƙe dogayen sandunan aiki da kansa ta cikin hudojin ba tare da inji ba, sandunan miƙaƙƙu ne, kuma in likita ya kai hannu dama bakin abin hagu yake yi. Injin ya kawar da wannan wahala. Bakin kayan aikinsa yana lanƙwasa kamar wuyan hannu, kwamfuta tana tace rawar hannu, tana kuma rage motsi, babban motsin yatsa ya koma ɗan ƙanƙani a cikin jiki. Babbar naƙasarsa ita ce likita ba ya jin taushi ko taurin abin da ya kama, da ido yake gane ko zare ya ɗaure. Samfurin da Vinci 5 na 2024 ya zo da hanyar mayar masa da wannan jin. A bakin gado kuma dole akwai mataimaki da ma'aikatan jinya masu sauya kayan aiki, a shirye a buɗe ciki idan abu ya rikice.

Fannonin da ake amfani da shi

Likitocin mafitsara ne suka fi kowa rungumarsa. Furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana can ƙasan ƙugu, kewaye da jijiyoyin da ke riƙe fitsari da ƙarfin mazakuta, wurin da kuskure kaɗan ke bin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Jochen Binder ya fara cire shi da da Vinci a Frankfurt a 2000, Mani Menon kuma ya daidaita hanyar a asibitin Henry Ford na Detroit. Yau mafi yawan irin wannan aiki a Amurka da injin ake yi. Haka ma yanke ƙari daga ƙoda a bar sauranta.

Likitocin mata sun samu izinin FDA a 2005, suna cire mahaifa da ƙarin mahaifa. Aikin hanji da ƙaba da rage tumbi sun biyo baya. A 2009 aka amince da shiga ta baki a cire sankarar maƙogwaro da gindin harshe, abin da a da kan sa a tsaga muƙamuƙi. Ana yin huhu da bawul ɗin zuciya, ko da yake aikin zuciya, wanda tun farko shi aka fi sa wa rai, bai yaɗu sosai ba.

Likitocin ƙashi da ƙwaƙwalwa nasu injinan daban ne, irin su Mako na gwiwa da ƙugu, da ROSA, da Mazor na ƙashin baya.

Muhawara

Idan aka kwatanta da buɗe ciki, majinyaci yakan zubar da jini kaɗan, ya bar asibiti da wuri. Idan kuwa da tiyatar huda ta hannu aka kwatanta, bambancin ba ya fitowa fili. Binciken ROLARR na 2017 kan sankarar dubura bai sami wata rata ta a-zo-a-gani ba. Binciken LACC na 2018 ya nuna masu sankarar bakin mahaifa sun fi tsira idan aka buɗe ciki, ko da yake kaɗan ne cikinsu aka yi wa da injin. A 2019 FDA ta ja kunne kan amfani da shi wajen cire mama. Injin yakan kai dala miliyan biyu, kayan aikinsa kuma ana yar da su bayan an yi amfani da su sau goma ko sama da haka kaɗan.

Yaɗuwa

Yanzu akwai masu gasa da injin da Vinci: Versius daga Ingila, Hugo na Medtronic, hinotori daga Japan, Toumai daga Sin, SSi Mantra daga Indiya. A Afirka ta Kudu an fara a wani asibitin mafitsara na Pretoria a 2013, daga baya asibitocin gwamnati na Tygerberg da Groote Schuur suka samu nasu. A Najeriya sai a wajajen 2025 wani asibiti mai zaman kansa a Legas ya fara aikin furostet da shi.