Jikile: sunan Faransanci da aka laƙaba wa injin fesa tawada

Duk wanda ya leƙa shafukan masu sayar da hotunan bango a intanet a 'yan kwanakin nan zai ci karo da kalmar giclée, wadda ake furtawa kamar "jikile". An fi liƙa ta a ƙarƙashin tsofaffin zanen tsuntsaye, irin waɗanda aka yi da fentin ruwa shekara ɗari biyu da suka wuce: aku a kan reshe, zalɓe a bakin ruwa, shaho ya danne abin da ya kamo. Rannan na ji wani mai gabatar da shiri yana faɗi da ƙarfin gwiwa cewa wai jikile tsohon salon zane ne na Faransawa. Abokin hirarsa kuma, don ya nuna shi ba a yi masa wayo, sai ya ce ai duk jabu ne. Su biyun babu wanda ya dace, kuma na biyun ne ya fi ba ni haushi.

Kalmar ba ta kai shekara arba'in da haihuwa ba. Wani ma'aikacin ɗab'i a Kalifoniya ta Amurka, Jack Duganne, shi ya ƙirƙiro ta wajen 1991. Shi da abokan aikinsa suna buga hotunan masu zane da wani babban inji mai suna Iris, wanda asalinsa an ƙera shi ne don maɗaba'u su riƙa gwada launi kafin su buga aiki mai yawa. Matsalarsa ita ce mai kuɗin da ya saba sayen zane ba zai buɗe aljihu ba idan aka ce masa kwamfuta ce ta fitar da wannan. Sai ya je ya aro gicler daga Faransanci, wato fesawa ko tsartuwa, yadda ruwa ke fita ta ƙaramar kafa. Ma'anar ke nan gaba ɗaya: abin da aka fesa. Su kansu Faransawa ba da wannan sunan suka san sana'ar ba, har ma akan ce wasunsu kan yi murmushi in sun ji, don kalmar tana da wata ma'ana ta batsa a bakin 'yan tasha. Babu kuma wata hukuma da ta mallaki sunan. Mai injin da ya kai kuɗin mota zai ce jikile yake yi, mai ƙaramar firinta a kan tebur shi ma zai faɗa. Masu mutunta sana'ar suna nufin an ɗauki hoton zanen da kyau, an fesa tawada mai ƙwayar launi wadda ba ta saurin koɗewa, a kan takardar auduga marar sinadarin da ke sa takarda ta yi ja. Sauran kuwa sunan kawai suka ɗauka.

To mu koma kan mai cewa jabu. Jabu shi ne abin da aka yi don a yaudare ka, a ce maka wancan ne alhali ba shi ba ne. Kwafin da ya fito ya ce ni kwafi ne bai cuci kowa ba. Kuma idan ana maganar zanen tsuntsaye na da, wanda ya raina kwafi bai san tarihin abin ba.

Ɗauki John James Audubon, wanda aka haifa a 1785 a ƙasar da yanzu ake kira Haiti, ya rasu a 1851. Shi ne sunan da ya fi fitowa a waɗannan shafuka. Yakan harbo tsuntsu, ya soke shi da waya a jikin katako don ya tsaya kamar mai rai, sannan ya zana shi daidai girmansa da fentin ruwa, yana haɗawa da fensir da alli mai launi. Wannan takarda da hannunsa ya taɓa ita ce asali, kuma kowace guda ɗaya ce tak. Bayan rasuwarsa, a 1863, matarsa Lucy ta sayar da su ga ƙungiyar tarihi ta birnin New York, suna can har yau. Ba a ma barin su a bango kullum, saboda haske yana cin fentin ruwa sannu a hankali. A fito da su na ɗan lokaci, a mayar cikin duhu.

Littafin hotunan tsuntsayensa da duniya ta sani da suna The Birds of America kuwa, wanda aka buga tsakanin 1827 da 1838, ba waɗannan takardun ba ne. Audubon ya kwashi zanensa ya tsallaka Birtaniya. William Lizars ya fara aikin a Edinbara, sannan Robert Havell ƙarami ya karɓa a Landan. An kwaikwayi kowane zane a kan farantin jan ƙarfe, faranti 435, a shafa tawada, a danna a takarda, sai layin zanen ya fito baƙi. Daga nan a miƙa wa ma'aikata masu yawa da ke zaune da buroshi, su cika launi da hannu, takarda bayan takarda. Tsawon takardar ya kusa mita ɗaya, amma duk da haka ba ta ɗauki wasu tsuntsayen a tsaye ba, shi ya sa za ka ga filamingo ya lanƙwasa wuya har ƙasa kamar mai neman abin da ya faɗi. A 2010 an yi gwanjon cikakken saiti ɗaya a Sotheby's ta Landan a kan fam miliyan 7.3. Wato an biya wannan kuɗi ne a kan kwafin da Havell ya yi, wanda wasu da ba a ma tuna sunansu suka shafa wa launi. 'Yan kasuwar suna kiran waɗannan "orijinal", kuma ban ce sun yi ƙarya ba, don bugun farko ne da aka yi a gaban idon mai zanen. Amma hannun Audubon bai zana su ba.

Daga nan kwafi ya ci gaba da haihuwar kwafi. Audubon da kansa ya fitar da ƙaramin bugu daga 1840, don masu ƙaramin ƙarfi su samu. A 1858 ɗansa ya fara wani da mai maɗaba'a Julius Bien, ta hanyar buga launuka da dutse, yaƙin basasar Amurka ya tsayar da aikin. Jikile dai ita ce autar wannan dangi.

Abin da zan tambayi mai sayarwa shi ne: kwafin me? Na zanen fentin ruwan, ko na bugun Havell? Ba ɗaya ba ne, domin a wasu hotunan Havell ya ƙara shimfiɗar ƙasa ko ciyayi, wani lokaci ma ya haɗa tsuntsayen zane daban-daban a faranti guda. Yawancin abin da ke yawo kwafin Havell ne, ana tallarsa da sunan "zanen fentin ruwa". Nan ne ƙaryar take, in akwai ta, ba a injin ba. Haka ma lambar nan da ake rubutawa a gindin hoto, a ce guda kaza kaɗai aka buga. Farantin jan ƙarfe yana cinyewa in an yi ta dannawa, don haka ƙarancin bugu yana da dalili. Fayil ɗin kwamfuta ba ya gajiya. Alƙawarin mai shi ne kawai ke hana shi buga na dubu.

Bambancewa ba wuya. Ɗaga bugun Havell ga haske, za ka ga sunan Whatman, masu yin takardar, da shekara a cikin jikin takardar. Shafa yatsa kusa da gefe, inda ba a yanke ba, za ka ji shatin da farantin ya bari. Sa gilashin ƙara girma, ka ga inda buroshin wani ma'aikaci ya ɗan zarce layi. A jikile kuwa ƙananan ɗige-ɗige za ka gani barbaje kamar ƙura, takardar kuma sumul.

Ni dai ina son mai kyau daga cikinsu, in an sayar mini da shi da sunansa. Akwai hoton ƙananan aku na Karolina, kore da kai ruwan ɗorawa, su bakwai sun cika reshe. Na ƙarshen irinsu da aka tsare ya mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1918. Wannan hoton nake so a bangona, kuma ban damu ba ko da firinta aka fesa shi.