Waiwaye: Asalin makarantar firamaren Katolika a ƙasar Bauchi

Bayan Turawa sun ci Bauchi a 1902, gwamnatin mulkin mallaka ta takaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. Shi ya sa makarantun mishan suka fara tsiro a gefe, wajen Tafawa Ɓalewa da Bogoro da ƙasar Tangale, sai kuma unguwannin baƙi inda ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna. Limaman SMA, wata ƙungiyar 'yan mishan Katolika mai aiki a Afirka, waɗanda suka sauka Shendam ta ƙasar Filato a 1907, su ne daga baya suka riƙa zuwa nan daga Jos, yawancinsu 'yan ƙasar Ayalan.

Makarantar farko ba wani gini ba ce na a zo a gani. Ɗaki ɗaya ne, ranar Lahadi coci, sauran kwanaki aji, kuma sau da yawa katikis, wato mai koyar da addini a cocin, shi ne malami. Fada yakan zo lokaci-lokaci ya duba rajista, ya saurari karatun yara. A nan ɗabi'ar makarantar ta samo tushe: addu'a kafin darasi, zuwa kan lokaci, tsabtar jiki da ta littafi, da dagewa sai yaro ya iya karatu da lissafi, ko da ubansa manomi ne da bai taɓa riƙe fensir ba. Wannan na ƙarshen ya fi komai daraja a wurina.

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 hukuma ta karɓe makarantun mishan, shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976 ya cika azuzuwa maƙil. Yara da dama sun samu shiga, amma kulawa ta ragu. Sannu a hankali coci ya koma buɗe nasa makarantun a harabar majami'u, musamman bayan an ware majami'un Bauchi da Gombe daga ƙarƙashin ikon cocin Jos a 1996 ƙarƙashin Bishop John Moore, aka kuma ɗaga yankin ya zama cikakkiyar dayosis, wato yankin coci mai cin gashin kansa, a 2003.

Sai dai makarantar yau ta kuɗi ce, domin da kuɗin makaranta ake biyan malamai. Iyaye Musulmi da Kirista na kai 'ya'yansu saboda tarbiyya, abin a yaba ne. Damuwata ita ce ɗan manomin Bogoro da ɗiyar mai tuyar ƙosai a Yelwa, waɗanda dominsu aka fara aikin, su ne ake fara korowa gida idan kuɗin zango ya gagara.