Ma'anar "garkuwar jiki" da abin da ƙanjamau ya nuna game da ita

Tun daga annobar korona kalmar "garkuwar jiki" ta shiga bakin kowa, har ta kai da wuya mai tallan magani ya sauka daga rediyo bai yi alƙawarin cewa haɗinsa yana ƙarfafa ta ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake maganarta kamar abu guda ne da ake aunawa, ta wani ta yi yawa, ta wani ta yi kaɗan, daga nan kuma a ɗora da cewa akwai mutanen da jininsu ya fi ƙarfin ƙanjamau. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, amma an ɗauke shi a baibai.

A cikin masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV akwai 'yan ƙalilan, ƙasa da mutum 1 cikin 100, da jikinsu ke danne ta shekara da shekaru ba tare da magani ba, har gwajin da aka saba yi ya kasa ganinta a jini. Babban abin da masana suka gano yana bambanta su da sauran shi ne gado. A kan kiromosom na 6, ɗaya daga cikin ƙunsoshin gado da ke cikin ƙwayar halitta, akwai rukunin ƙwayoyin gado da ake kira HLA, waɗanda sinadaran da suke samarwa ke ɗebo gutsattsarin abin da ke cikin ƙwayar halitta su baje a bayanta, kamar yadda mai talla ke baje kaya a faranti, domin fararen ƙwayoyin jini masu suna CD8 su duba, idan sun ga gutsuren baƙuwar ƙwaya su kashe ƙwayar halittar da ta kamu. Kowane nau'in HLA da irin gutsuren da yake iya ɗauka. Nau'in B*57 yakan ɗauko daga sashen HIV da ba ya jure sauyi, saboda haka idan ta sauya kama domin ta ɓuya, sau da yawa ita ce ke raunana.

Misalin da ya fi gamsar da ni ya fito ne daga binciken da aka yi a Afirka ta Kudu. Nau'o'in B*58:01 da B*58:02 sun yi kama ƙwarai, bambancinsu a wurare 3 ne kawai a cikin ginin sinadarin, amma masu na farko sukan kasance da ƙarancin ƙwayar cutar a jini, masu na biyu kuwa sukan kasance da yawanta. Babu wanda zai ce garkuwar mai B*58:02 lalatacciya ce, domin gutsuren da take nunawa ne bai zama wanda ke cutar da HIV ba. Wannan abu ne da ake haifar mutum da shi, babu saiwa ko zuma ko allurar da ke sauya shi.

Akwai kuma CCR5, sinadarin da HIV ke kamawa ta shiga ƙwayoyin CD4, wato fararen ƙwayoyin jinin da take kai wa hari. Kusan mutum 1 cikin 100 a arewacin Turai sun gaji naƙasasshensa daga uwa da uba, don haka HIV ba ta samun shiga ta nan, kuma ɓargon irin waɗannan ne aka dasa wa wani mai ɗauke da HIV, Timothy Ray Brown, a Berlin a 2007 domin sankarar jini, ya rabu da HIV. Wannan gado da wuya a same shi a cikin 'yan asalin Afirka, kuma bai toshe nau'in HIV da ke shiga ta wani sinadarin daban mai suna CXCR4 ba.

Su kansu masu danne cutar ba warkewa suka yi ba, tana nan kwance a jikinsu, kuma wasunsu dannewar takan suɓuce musu bayan shekaru. Jin ƙarfi a jiki ba ya nuna wa mutum rukunin da yake ciki, gwajin yawan ƙwayar cuta a jini ne ke nunawa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa duk wanda aka samu da HIV ya fara shan magani, komai yawan ƙwayoyin CD4 ɗinsa.